Gwaggo da Muzurun Cikin Littafi

Wanda ya ba mu aron Gwaggo ya karɓi abarsa a tsakiyar daminar bana. Duk wanda ya shigo gidanta a Kafanchan yin gaisuwa ya lura cewa gidan bai cika kama da gidan makoki ba. An yi kuka, ba a ce ba a yi ba. Sai dai kukan ba ya nisa, sai ka ji wani ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kai, mun gode wa Ubangiji."

Matan zumuntar coci sun zo cikin ankonsu, sun cika tsakar gida da waƙa da tukwane. Ɗanta tilo ya iso daga Sabon Tasha, ya shiga ɗaki ya duba fuskarta, ya fito yana share hawaye yana cewa kamar barci take yi. Matarsa kuwa, wadda Gwaggo ta kira Amarya tun ranar da aka kawo ta har furfura ta fito mata, mu ma muka bi bakinta, tana zaune a ƙofar ɗakin. Duk wanda ya durƙusa ya ce mata sannu da rashi, amsa ɗaya take bayarwa, da irin Hausar nan tamu da ba ta raba mace da namiji:

"A gadon shi ya mutu. Ina riƙe da hannun shi. Ba wanda ya taɓa shi."

Wata 'yar'uwarmu da ta zo daga Kachia ta ja ni gefe ta ce, "Wai ni kam, me Amarya take nufi? Dama a ina ake so tsohuwa ta mutu in ba a gadonta ba?" Kafin in ba ta amsa, wasu manya masu furfura suka shigo, har da wani mahauci daga kasuwar aladu wanda ko rigar aiki bai tuɓe ba. Suka yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ɗayansu ya rage murya kamar yaro mai roƙon alewa ya ce, "Littattafan Mama fa, suna nan?" 'Yar'uwata ta ƙara rikicewa. Na ce mata in an watse zan ba ta labari. Ba mu samu zama ba har ta koma.

Shi ya sa nake wannan rubutu. Akwai kuma wani dalilin. Wani ɗan bidiyo na Gwaggo ya taɓa yawo a wayoyin mutane, kuma na san har yanzu yana cikin wasu wayoyin. Ba na so ya zama shi kaɗai ne abin da ya rage nata a duniya.

Gwaggo yayar babana ce, ita ce babba a ɗakinsu. Ba ta yi makaranta ba. Babana aka tura, ita kuma aka kai ta aikin raino a kwatas ɗin reluwe, gidan wani Bature injiniya mai ƙananan 'ya'ya. A can ta fara ganin littattafan komik, irin masu zane a cikin ƙananan akwatuna, maganar kowa tana rataye a saman kansa cikin wani farin ƙwai. Da Baturen zai koma ƙasarsu, matarsa ta baje kayan da ba za su tafi da su ba a baranda, ta ce kowane ma'aikaci ya ɗauki abu guda. Kuku ya ɗauki dutsen guga. Mai gadi ya ɗauki bargo. Gwaggo ta tsallake tukwane da butar shayi, ta rungumi kwalin littattafai. Da ta sauke shi a gida, kakarmu ta buɗe, ta duba, ta dube ta, ta ce da yare, "To, yau takarda za mu dafa?"

Da kwalin nan ta shiga gidan aure. Daga baya ta mai da su cikin akwatin ƙarfe da ƙwayar kafur, don gara. Kusan duk labarinsu ɗaya ne: wani ramammen baƙin muzuru mai karyayyen kunne yana bin wani ɗan tsuntsu kore, kuma bai taɓa cin nasara ba. Ya kafa tsani, tsanin ya zame. Ya hau reshe da zarto, ya yanke ɓangaren da yake zaune a kai. Ya yi shigar tsohuwa mai tallar hatsi, iska ta kwashe masa ɗankwali. Ya bi tsuntsun cikin bututun ruwa, ya fito a miƙe kamar sanda.

Gwaggo ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a ciki ba, kuma wannan bai taɓa damunta ba. Da la'asar, in ta dawo daga gonar citta ta yi wanka, sai ta shimfiɗa tabarma a jikin rumbu, yaran unguwa su taru. Dokarta biyu ce: kowa ya wanke hannu, kuma ita kaɗai ke juya shafi. A bakinta, garin da ke cikin zanen Kafanchan ne. Muzurun yana magana da Hausar leburorin tasha, tsuntsun kuma ta hanci yake magana kamar Bature. In muzuru ya faɗo daga rufi, sai ta ja iska ta ce, "Fyuuuu… ɓam!" ta nuna mana shi a baje kamar faifai, ta rufe littafin a kan yatsarta, ta yi shiru. Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Ya mutu?" Sai ta harare mu ta ce, "Ina! Ku bar shi, zai tashi." Ta buɗe, ga shi kuwa ya miƙe yana karkaɗe jiki. Mun san amsar, amma kullum sai mun tambaya.

Mu yara duk 'yan bayan tsuntsu ne. Ita kaɗai ce a ɓangaren muzuru. Na taɓa tambayarta, "Gwaggo, me ya sa ba kya son tsuntsun?"

Ta ce, "Wa ya ce miki ba na son shi? Amma duba nan. Safe da yamma ana zuba masa hatsi a kwano. Yanzu duba haƙarƙarin wannan. Kin taɓa ganin an ba shi ko ƙashin kifi?"

"To kina so ya cinye shi ke nan?"

"Allah ya kiyaye. In ya cinye shi, gobe me za mu kalla?"

Daga nan unguwa ta sa mata suna Mama Muzuru. Tana son sunan. In an kira ta da shi a kasuwa, sai ta amsa da kukan kyanwa, mutane su yi ta dariya.

Babana hedimasta ne a lokacin. Wata rana ya leƙo, ya karɓi littafi ɗaya, ya gyara tabarau ya fara karanta mana abin da ke cikin fararen ƙwan yana fassarawa. Ashe abin da muzurun yake faɗa dabam ne da abin da muka saba ji. Gwaggo ta fizge littafin ta ce, "Malam, je ka karanta naka. Wannan nawa ne." Babana ya ce, "Yaya, yaran nan za su iya koyon Turanci da shi fa." Ta mai da littafin cikin akwati. Amma da Asabar ta zagayo, sai ta naɗe guda ɗaya a tsumma ta ba ni, ta ce, "Ku je ya gaya muku abin da Bature ya ce. In kun dawo, ni zan gaya muku abin da ya faru." Turancina na farko a can na same shi.

Faɗan da ta yi wanda kowa ya sani, da Amarya ne. Ba a daɗe da kawo ta ba, ta fara suyar ƙosai a ƙofar gida. Wata safiya takardar naɗi ta ƙare mata, ga masu saye a tsaye, Gwaggo kuma tana gona. Ta shiga ɗaki ta ga akwati cike da tsofaffin takardu, ta ɗauki guda ta yayyaga. Gwaggo tana dawowa ta yi kiciɓis da wani yaro yana lasar mai a kan fuskar muzuru. Ko kayan kanta ba ta sauke ba. Gida-gida ta bi tana tambayar wa ya sayi ƙosai yau. Wasu shafukan ta tsamo su daga kwandon shara, ɗaya kuma ta ƙwato shi daga bakin akuya. Ta dawo ta shanya su a rana da duwatsu a kai, ta ɗinke su da zare da allura.

Amarya ta durƙusa ta ce, "Mama, ka yi haƙuri. Na ɗauka takarda ne kawai."

Gwaggo ta ce, "Ke ma na ɗauka mai hankali ce kawai."

Har aka girbe acca ba ta ci abincin Amarya ba. Ita ma Amarya ba kanwar lasa ba ce, ta daina gaishe ta da yare, sai da Hausa, a tsaitsaye. Mijin Gwaggo, Allah ya ji ƙansa, ya yi magana ya gaji. Abin da ya raba faɗan shi ne cikin fari na Amarya, wanda ya zo mata da laulayi mai tsanani. Ba ta iya riƙe ko ruwa. Gwaggo ta shiga ɗakinta da kunun tsamiya a hannu ɗaya, ɗinkakken littafin nan a ɗaya hannun, ta zauna a bakin gado ta ce, "Tunda kin yaga shi, gara ki san abin da kika yaga." Amarya ta ce ta yi dariya har ta manta da amai. Tabon man ƙosai yana jikin littafin har yau.

Ni ma na ci moriyarta. Ina 'yar firamare na faɗo daga bishiyar gwaiba na karye a ƙafa, aka kwantar da ni a asibiti. Kullum sai Gwaggo ta zo a ƙasa, da littafi a ƙunshe a haɓar zane. Ta ga ba daidai ba ne ni kaɗai in kalla, sai ta riƙa tsayawa a tsakiyar ɗakin yara tana ɗaga littafin sama, tana juyawa hagu da dama. 'Ya'yan Kirista, 'ya'yan Musulmi, 'ya'yan Fulani da ba su jin Hausa sosai, kowa ya koyi cewa "Ya mutu?" Babbar nas ta zo ta ce nan asibiti ne, ba kasuwa ba. Gwaggo ta ce to, ta rage murya. Nas ɗin ta tsaya a bakin ƙofa don ta tabbatar an bi umarninta, kuma ba ta tafi ba sai da muzuru ya tashi.

Shekaru suka ja. Talabijin ta shigo, waya ta biyo baya, tabarma ta daina cika. Mijinta ya rasu. Tsofaffin maƙwabta wasu suka mutu, wasu suka bi 'ya'yansu Kaduna da Abuja. Rikice-rikicen da suka sa mutane sauya unguwa suka kawo mana sababbin fuskoki, 'yan haya, mutanen kirki yawancinsu, amma ba su san ta ba. Sun dai ji ana kiran wata tsohuwa Mama Muzuru. Sunan ya rage, labarinsa ya tafi.

Sai mantuwa ta kama ta. Da farko ƙananan abubuwa ne: ta sa gishiri a shayi, ta kira ni da sunan uwata. Likita ya ce ciwon tsufa ne, ba ya warkewa, sai dai kulawa. Ta manta hanyar coci, ta manta mijinta ya mutu, amma ba ta manta muzuru ba. Abu ɗaya ne ya canza. Da takan ce, "Sai muzuru ya hau rufi." Yanzu sai ta ce, "Sai na hau rufi." A cikin gida dariya muke yi. Ba mu yi tunanin yadda maganar za ta sauka a kunnen wanda bai taɓa zama a tabarmarta ba, a garin da ake tsoron baƙar kyanwa da tsohuwa mai magana ita kaɗai.

Wata Asabar da safe abin ya faru. Na zo hutun ƙarshen mako daga Gidan Waya, inda nake koyarwa. Ina wanki a bayan ɗaki, Amarya tana suya a ƙofar gida, kowace cikinmu ta ɗauka Gwaggo tana wajen ɗayar. Ashe Gwaggo ta fita ta ƙofar baya, ba ɗankwali, ba takalmi. Muna cikin nemanta wata maƙwabciya ta shigo a guje ta ce, "Ku zo! Za su kashe Mama!"

A bayan wani gidan haya muka same ta, ƙarƙashin taga. A cikin ɗakin akwai jariri da ya kwana biyu yana zazzaɓi, kuma an riga an gaya wa uwarsa a wani gidan addu'a cewa wani na kusa ne ya kama mata ɗa. Ta buɗe taga da safen nan, sai ta ga tsohuwa a tsugune, farin gashi a barbaje, tana raɗa tana cewa, "Yau dai sai na kama ka, ɗan ƙaramin nan." Ƙananan tsuntsaye ne ke cin tsaba a gindin katanga, su Gwaggo take kallo. Uwar ba ta ga tsuntsaye ba. Ta kurma ihu.

Kafin mu iso mutane sun kewaye ta. Wani saurayi ya kafa mata waya a fuska yana cewa, "Mama, faɗa gaskiya, ka cinye shi?"

Abin da ba zan manta ba shi ne fuskarta. Murna take yi. Rabon ta da ganin taro a gabanta yana jiran ta yi magana, an daɗe. Ta gyara zama ta ce, "Na haɗiye shi ɗungurungum! Amma ya fito da ransa."

"Kana hawa rufin mutane?"

"Ina hawa mana. Na faɗo, na baje, na tashi."

Wani ya yi ihu da buroka, "She don confess!" wai ta amsa laifinta. Wata ta ce, "Mayya ce!" Dutse na farko ya same ta a kafaɗa. Amarya ta ratsa taron, cokalin tsamar ƙosai yana hannunta, ta faɗa a kan Gwaggo ta rufe ta da jikinta. Dutse na biyu ita ya samu a kunne. Ni ina ihu ina cewa ba ta da lafiya, ciwon mantuwa ne, amma muryata ba ta wuce mutanen da ke gabana ba. Babana ya iso yana dogara sanda, yana ɗaga hannu yadda yake yi wa 'yan makaranta su yi shiru. Babu wanda ya san shi hedimasta ne. Na hango wani yana gangaro da tayar mota daga bakin hanya.

A daidai nan mahaucin ya iso. Yana kan acaɓa ne za shi kasuwa, ya ga taro ya tsaya. Ƙato ne, kuma warin aikinsa yakan buɗe masa hanya. Ya leƙa ya ga wadda ke ƙasa. Bai yi wa kowa tsawa ba. Ya ture saurayin mai waya gefe, ya tsuguna a gabanta, ya goge hannayensa a riga ya nuna mata su, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Mama, na wanke hannu. Da muzuru ya hau rufin, sai me ya faru?"

Gwaggo ta leƙo ta ƙarƙashin hannun Amarya. Ta ja iska. "Fyuuuu… ɓam!"

Ta yi shiru, tana jira.

Mahaucin ya ce, "Ya mutu?"

Ba shi kaɗai ya faɗa ba. Daga can baya wata tela ta faɗa tare da shi, da wani mai gyaran rediyo, da wata murya da ban gane ba. Mutanen da suka zo kallo ne, suka tsaya nesa don tsoro.

Gwaggo ta harare su ta ce, "Ina! Ku bar shi, zai tashi."

Telar ta fashe da wani abu, rabi dariya rabi kuka, ta kutsa ta zo ta tsaya kusa da mu. Sauran suka biyo ta. Mahaucin ya miƙe ya juya ya ce, "Tatsuniya ne yake yi. Ni a tabarmar matan nan na girma. Wanda zai taɓa shi, ya fara da ni." Babana ya kama hannuna ya ce, "Je ki ɗauko akwatin." Na ruga na kwaso abin da hannuna ya iya ɗauka. Na buɗe inda muzuru ke kan rufi, da inda ya haɗiye tsuntsu, tsuntsun ya buɗe haƙoran muzurun kamar ƙofa ya fito. Littattafan da ba a taɓa bari wani ya juya shafinsu ba suka yi ta yawo hannu zuwa hannu. Wasu suka yi tsaki suka tafi. Wasu suka sunkuyar da kai. Tayar ta kwanta a kwata, babu wanda ya ce tasa ce.

Uwar jaririn ta dubi zanen, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "To ɗana fa? Ɗana yana mutuwa." Ba muguwa ba ce. Yarinya ce ƙarama, mijinta yana wurin aiki a nesa, ta kwana tana kallon ɗanta yana ƙonewa. Amarya ta tashi, jini yana bin wuyanta, ta ce mata, "Ɗauko shi." Su biyun suka hau acaɓar da ta kawo mahaucin, suka nufi asibiti.

Zazzaɓin cizon sauro ne, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Kwanakin da ya yi a kwance su ne mafi tsawo a rayuwata, domin dukanmu mun san cewa in yaron nan ya mutu, babu zanen da zai sake ceton Gwaggo. Ɗanta ya zo daga Sabon Tasha ya ce zai tafi da ita, amma ɗaki ɗaya yake haya a can, kuma duk lokacin da aka fitar da ita daga gidanta sai ta ƙi cin abinci. Muka zauna muna addu'a wa ɗan da ba mu san sunansa ba. Ranar da Amarya ta dawo ta ce ya kama nono, babana ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ba zan ce daga nan komai ya gyaru ba. Wasu sun daina sayen ƙosan Amarya har yau. Wasu iyaye sun ci gaba da jan 'ya'yansu zuwa ɗaya gefen hanya in za su wuce gidan. Saurayin mai waya bai taɓa zuwa ba da haƙuri ba, mu ma ba mu neme shi ba. Amma Fasto ya yi magana a kan bagade ba tare da kwana-kwana ba, ya kuma sa wata nas ta tsaya bayan sujada ta yi bayanin ciwon mantuwa, har mutane suka fara ɗaga hannu suna cewa su ma suna da irinta a gida, a kulle. Uwar jaririn ta zo da shi a goye, da mudun acca, ta durƙusa tana kuka. Gwaggo ba ta san dalilin kukan ba. Ta karɓi yaron ta yi masa kukan kyanwa, ya ƙyalƙyale da dariya.

Ita dai abin da ta riƙe daga wannan safiya dabam ne da namu. Ta daɗe tana gaya wa duk wanda ya shigo, "Jiya yara sun zo da yawa." Ba mu taɓa gyara mata ba.

Yaran kuwa sun ci gaba da zuwa. Mahaucin da telar da wasu tsofaffin 'yan tabarma suka riƙa leƙowa ranar Lahadi bayan an tashi daga coci. Da maganarta ta fara ƙarewa, su suka koma ba ta labarin, tana gyaɗa kai, wani lokaci ta ɗaga yatsa in an yi kuskure. Babana kuma ya ɗauki wani aiki da babu wanda ya sa shi. Kowace safiya sai ya zo ya ajiye kujera a ƙofar gidan yayarsa, ya zauna da sandarsa a kan cinya har rana ta faɗi. Tsoho ne da ko akuya ba zai iya kora ba. In an kawo masa abinci sai ya taɓa kaɗan ya ture. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mamana ta yi faɗa, ya ce, "Ita ta goye ni."

Gwaggo ta tafi da hantsi, ana yayyafi. Amarya ta ba ta kunu a cokali, ta sha, ta yamutsa fuska ta ce, "Amarya, sukari ya yi yawa." Ita ce maganarta ta ƙarshe, kuma Amarya ta ce gaskiya ne, hannunta ya zarce. Ta jingina da filo ta rufe ido, numfashinta ya yi ta raguwa har ya tsaya.

Ta babbar ƙofa aka fito da akwatin gawarta, aka bi da shi tsakiyar unguwa da rana tsaka, matan zumunta a gaba suna waƙa, coci ya cika har waje. Aka kwantar da ita kusa da mijinta. Ubangiji ya ba ta hutu a wurinsa, ya sāka wa Amarya da abin da mu ba za mu iya ba, ya kuma kiyaye tsofaffinmu daga hannunmu.

Da muka dawo daga maƙabarta, aka zaunar da babana a ƙarƙashin rumfa aka kawo masa gwate. Ya cinye tas, ya suɗe cokali, ya miƙa kwano ya ce a ƙaro, a sa barkono. Ya cinye wannan ma. Masu gaisuwa suka yi layi a gabansa, dattawan ikilisiya da tsofaffin ɗalibansa, kowa da hula a hannu. Na farkon ya sunkuya zai yi magana, sai ya ga kan tsohon ya karkata, sandarsa ta zame ta faɗi ƙasa, bakinsa a buɗe, yana minshari a hankali. Na matsa zan tashe shi. Mamana ta riƙe mini hannu, ta juya ta ce wa mutanen, "Ku yi haƙuri. Ku gaishe shi gobe."